Jirgin feshi a fegin Gangara

Shekarar da fara ta sauka a geron Gangara, an aiko ƙaramin jirgin feshi. Ya yi zagaye ɗaya, injin ya kama tari, ya sauka a fegin bayan kasuwa. Makanikin jirgin ya duba ya ce wuta ba ta zuwa a kan lokaci. Ya hau mota zuwa Maradi neman na'urar awo, ya ce kada kowa ya taɓa.

Delu na sayar da fura a bakin fegin, komai a idonta aka yi. Mijinta Rabilu ɗan dako ne a tasha, kuma duk motar da ta ƙi tashi shi ake kira ya tura. Ba ya iya cewa a'a, abin da ke tsorata ta ke nan.

Sai ga Tala, mai garaji daga Agiye, da ƙaton tumbi da sifana a aljihu.

"Wace na'ura?" in ji shi. "Tsofaffin Fijo nawa na saita da kunne? Ka sassauta delko mai raba wuta, ka murɗa, ka ji murya. Wannan ma delko ne, guda biyu aka sa masa don burga."

Kamal, matuƙin jirgin, ya ce a jira. Manoma suka taso masa, fara na cin gumin shekara shi yana zaune a inuwar fiffike. Ya kau da kai ya bar su. Namiji guda, da takardun makarantar lakol!

Tala ya hau kan wata gangar mai. A mota injin na aiki ake murɗawa, a nan kuwa farfela na gaban hancinsa, sai ya murɗa a kashe, da ka. Ya tura delkon duka biyu gaba, wai don jirgin ya ƙara ƙarfi. Aka yi ta gwadawa har batir ya mutu.

"Ina Rabilu?" in ji Tala. "Zo ka juya mana fankar nan da hannu."

Delu ta ajiye ludayi. "Baban Salima, wannan ba motar tashar Cadawa ba ce. Zo mu tafi gida."

"Kai, Rabilu, ashe da izni kake fita?" in ji Tala. Maza suka kwashe da dariya.

Rabilu ya yi murmushin nan nasa na kunya. "Yanzu zan zo, Delu."

Ya kama farfela da hannu biyu, ya sa kafaɗa kamar mai tura mota, ya danna. Wutar ta riga lokacinta, injin ya harba da baya. Ƙarfen ya dawo ya same shi a gefen kai. Kafin a kai shi likita ya cika.

Da makanikin ya dawo, ya jona ɗan akwatinsa mai fitila, ya saita, jirgin ya tashi tun hantsi.

Ranar uku Tala ya zo gaisuwa. Daga cikin gida Delu na jiyo shi a zaure yana yi wa mutane bayani.

"Saitina daidai yake. Shi ne bai iya riƙo ba, Allah ya jiƙansa."

Aka ce amin. Delu ta aika a ɗauke tabarmar da yake zaune a kai.