Man Da Ya Ci Mu Huɗu

Mai Aski bai gama ɗaga ƙofar shagonsa ba wani mutum ya sunkuya ya shige ta ƙarƙashinta, wuf, kamar ɓera ya hango kyanwa. Hular sanyi ce a kansa har gira, ga baƙin tabarau, alhali rana tuni ta fara gasa kwanon rufi.

"Kai, waye? Ba a buɗe ba!"

"Yaya, ni ne. Rage murya."

Mutumin ya tuɓe hular. Zanko ya bayyana, dogo, rinanne ruwan zinare, ya kwanta gefe guda kamar zakaran da ruwa ya doka. Duk garin babu wanda bai san zankon nan ba. Na Maganaɗisu ne, sabon golan ƙungiyar garin, ƙanin matar Mai Aski ciki ɗaya. Jiya aka buɗe kakar wasa, a gida, fili ya cika ya batse, aka ɗura masa huɗu da nema.

"Aske min shi," in ji golan, ya faɗa kujera. "Ƙwal kwabo. Yanzu a hanya mai lemo ya gane ni, ya jefe ni da ɓawo."

"Zankon da na yi awa biyu ina gyarawa jiya da safe?"

"To, ai maganar ke nan. Yaya, tsakaninka da Allah, me ka shafa min?"

Ya cire tabarau. Idanun nan jajir, a kumbure, kamar an soya su.

Mai Aski ya saci kallon kwalbar da ke kan kanta a gaban madubi. Haɗinsa ne na kansa, wata guda yana gwaji: man gashi iri uku, ɗan turare, da cokali biyu na man zafi don fatar kai ta ji sanyi-sanyi. Ya raɗa masa suna Sheƙi Na Musamman. Jiya don zumuɗi rabin kwalba ya lafta wa surukin nasa, saboda kyamara ta san wanda ya yi askin.

"Minti goma da take wasa rana ta narkar da shi," in ji Maganaɗisu. "Ya gangaro cikin idona. Ƙwallo uku nake gani, in tari ta tsakiya, ta gefe ta shige. Kuma ka san ɗabi'ata, ba a buga min ƙwallo sai na shafa zankona da hannu biyu. Safar hannuna ta koma kamar an tsamo ta daga kasko. Ta ukun nan na kama ta, wallahi na kama ta, ta sulɓe min kamar sabulu."

Mai Aski ya leƙa bakin ƙofa. "Wa ka gaya wa?"

"Ko koci ban gaya wa ba. In na sa aka rufe maka shago, yayata ba za ta bar ni da rai ba."

Ba banza ya faɗi haka ba. Reshen magoya baya na unguwar a shagon nan yake zama, kuma suna da doka: duk washegarin da aka sha kashi, ƙarfe goma, a zauna kotu a nemo mai laifi. Wanda aka kama a ɗaga masa jan kati, ba mai saye a wurinsa, ba mai sayar masa, har kaka ta ƙare. Bara mai faci aka kama, don ya canja kujera ana hutun rabin lokaci. Wata uku bai liƙa tayar ko keke ɗaya ba, ya ɗora famfonsa a kurar turawa ya bar layin. Kuma kowane kai da ke zama a kujerar Mai Aski kan ɗan reshen ne.

"Bakinka alaikum," in ji Mai Aski. Ya yafa masa mayafin aski, ya kunna kilifa, ya ratsa tsakiyar zankon sau ɗaya.

Sai wuta ta ɗauke. Kilifa ta yi shiru, fanka ta juya sau uku ta tsaya. A daidai lokacin aka busa usur a bakin ƙofa.

Mai Aski ya fizgi tawul mafi girma ya lulluɓe kan surukinsa da fuska gaba ɗaya.

Ciyaman na reshen ne ya fara shigowa, tsohon direban doguwar bas, usur a wuya, jan katin kwali a aljihun gaba. Bayansa Makanike, muryarsa ta dushe saboda ihun jiya. Sai Farfesa mai gyaran waya, wanda ya haddace kowane wasa tun kafin a haife shi. Mutum goma sha biyu suka biyo su, suka cika benci biyu har da bakin taga.

"Wannan fa?" Ciyaman ya nuna mai tawul da haɓa.

"Baƙo ne. Haƙori ke damunsa, ba ya magana. Turara masa fuska nake."

"Allah ya sawwaƙe, baƙo. Ka zo garin da ake makoki." Ciyaman ya busa usur. "An buɗe kotu. Huɗu da nema. Wa ya yi mana wannan aiki?"

"Farfesa!" in ji Makanike da muryar kwaɗo. "Ya tashi fitsari, kafin ya dawo an ci ta farko."

"Ta biyu fa? Ina zaune na matse har na kusa fashewa. Kai ne ka shigo ta ƙofar yamma, alhali shekara shida ta gabas muke shiga."

"An rufe ta gabas!"

"Da sai ka haura katanga. Mai kishi haka yake yi."

Aka taɓa alƙalin wasa, aka taɓa koci, aka taɓa matar Ciyaman da ta wanke tutar reshe da ruwan zafi. Duk aka sake su. Kowa ya san inda za a sauka.

"Mu daina zagaye," in ji Makanike. Ya miƙe ya tsaya gaban madubi, kamar yadda ya saba cin moriyar shago kyauta, ya ɗauki mataji. "Gola ne. Wai Maganaɗisu! Kwando dai. Ta biyun nan kakata da sandarta za ta tare, tana gyangyaɗi."

Aka kwashe da dariya. Ƙafar mai tawul ta motsa.

"Mai Aski, yau ka yi shiru," in ji Ciyaman. "Kai da harshenka ya fi rezarka kaifi. Ko don surukinka ne? Ina ma hotonsa da ke bangon nan?"

"Na cire ne in goge." Mai Aski ya dubi jama'a. Idanu talatin na kansa, dole ya ce wani abu. "Ni dama tun ranar da na shiga gidan nan na san hannunsu ba ya riƙe abu. Yayarsa ma kofi shida ta fasa min bana."

Shago ya ɗauki shewa. Daga ƙarƙashin mayafi wani takalmi ya fito ya sauka a ƙaurin Mai Aski.

"Baƙonka lafiya?"

"Haƙorin ne ya motsa."

A nan Mai Aski ya waiga. Makanike ya buɗe kwalbar Sheƙi Na Musamman, ya kwaso da yatsa huɗu, yana mulka wa kansa har goshi.

"Ajiye wannan! Ba na sayarwa ba ne!"

"Wa ya ce saye zan yi? Kai, amma da sanyi!"

Farfesa ya ɗaga wayarsa sama. "Ciyaman, a bar wasa. Jiya na kalli wasan nan sau tara, a hankali-a hankali. Ku matso." Kawuna suka haɗu. "Ga ta farko. Kun gani? Ya shafa kai da hannu biyu, sannan ya murza ido. Ga ta biyu. Shafa kai, murza ido. Ta uku haka, ta huɗu haka. Wannan ba sakaci ba ne. Alama ce yake yi wa wani a cikin 'yan kallo. An saye shi."

Dariya ta mutu.

"In haka ne," in ji Ciyaman a hankali, "jan kati ya yi masa kaɗan. Ƙarfe goma sha biyu mu ɗunguma ofishin kulob da wayar nan. A nuna wa 'yan jarida. Yaron nan ba zai ƙara tsayawa a raga ba, ko ta kamun kifi."

Mai Aski ya dubi tawul ɗin. Bai motsa ba. Hannayen da ke kan cinya ne kawai suka dunƙule. Yaron nan shekara takwas yana ɗumama benci kafin jiya. Shi Mai Aski ne ya saya masa safar hannu ta farko. Ya buɗe baki. Sai ya tuna famfon mai faci a kan kura, ya rufe.

"Ba ni wayar in gani da kyau," in ji Makanike. Zafin shago ya riga ya yi aikinsa, gumi na tsiyayo masa daga goshi yana ƙyalli. Ya karɓa, ya kai ta kusa da fuska. Ya ƙifta ido. Ya sake ƙiftawa. "Farfesa, wayarka gola uku take nunawa. Kai! Wayyo idona! Wa ya watsa barkono?"

Ya kai hannu zai murza, wayar ta sulɓe daga yatsunsa ta yi sama. Ya cafe, ta ƙara tsalle. Ta nufi bakin kwandon shara, Farfesa ya ƙwalla ƙara kamar an taka masa jariri.

Mai ciwon haƙori ya tashi sama. Da mayafi da komai ya yi shawagi ta gefen hagu, ya miƙa hannu ɗaya, caraf, saura taki guda ta taɓa siminti. Tawul ya faɗi can. Ga Maganaɗisu kwance a cikin tarin gashi, waya a tafinsa, zankonsa da titi a tsakiya.

"Kamu!" wani ya yi ihu daga taga, kafin ya tuna ana fushi.

"Shi ne!" in ji Ciyaman. "A rufe ƙofa!"

Suka yi masa zobe. Farfesa ya karɓi wayarsa ya sumbace ta, sannan ya haɗe rai. "Nawa suka ba ka? Wa kake yi wa alama?"

Golan ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Ya dubi Mai Aski sau ɗaya, ya sunkuyar da kai. "Ba wanda ya saye ni. Ranar ce ba tawa ba."

"To me kake shafawa a kai? Me kake murzawa a ido?"

"Ba komai."

Wannan "ba komai" ita ta karya Mai Aski. Ya ɗauki kwalbar, ya hau kan kujerar aski don kowa ya gan shi.

"Ku ƙyale yaro. Ga wanda ya ci ku huɗu."

Ya zayyana komai: mai iri uku, cokali biyu na man zafi, rabin kwalba, rana, safar hannu. "In kuna son shaida, ga ta can." Ya nuna Makanike, wanda ke durƙushe ya tsoma fuska a bokitin wanke reza, yana kiran sunan uwarsa. "Shi yatsa huɗu ya shafa, waya ta gagare shi. Wannan rabin kwalba ya ɗauka, minti casa'in, a tsakiyar rana. Ku gode Allah da ba goma ba ce."

"Wallahi da goma sha biyu ce," in ji Makanike daga cikin bokiti.

Ciyaman ya dubi kwalbar. Ya juya wurin golan. "Ɗana, ka yafe mana. Har kakar Makanike ta ba ka haƙuri." Sannan ya sa hannu a aljihun gaba. Jan katin ya fito. "Kai kuma, doka doka ce. Wanzami ba ya son jarfa, amma yau za ka ɗanɗana."

Mai Aski ya dubi madubinsa, da kujerarsa mai juyawa, da kawuna goma sha biyar da ya san kowane tabo a kansu. Ya rufe ido.

"Ciyaman, dakata," in ji Farfesa. "Man da ya mayar da Maganaɗisu kwando, shi za mu kora daga unguwa? Wannan ai makami ne. Asabar mai zuwa wa za mu karɓa?"

"Masu rigar shuɗi."

"A wane otal suke sauka? Wanda ƙanina ke gadi. Laifi ne mai aski ya je ya yi wa baƙi maraba da gyaran kai kyauta? Musamman golansu?"

Murmushi ya fara daga bencin farko ya zagaye shagon. Ciyaman ya juya katin a hannunsa, ya mayar da rabinsa aljihu, rabi a waje.

"An jingine hukunci zuwa Asabar. Mai Aski, in golansu ya sha huɗu, katin nan ya koma gida. In bai sha ba, ka nemi mai faci ya ba ka adireshi."

Usur ya yi ƙara. Wuta ta dawo kamar jira take, fanka ta ɗauka, kilifa ta farka tana rawa a kan kanta. Maganaɗisu ya koma kujera.

"Yaya, ƙarasa min. Kuma ruwa zalla, ko turare ban yarda ba. Maganar kofi shida kuwa, sai na kai ta gida."

"Haba surukina, a ce kofi biyu mana."

"Bari in nemo hoton golan nasu," in ji Farfesa yana latsa waya, "mu ga irin askin da zai so." Ya tsaya. Fuskarsa ta zube. Ya juya wayar ga jama'a.

Sanƙo ne da mutumin, tal, tun daga goshi har ƙeya, yana ɗaukar ido kamar sabon faranti. Ko silin gashi ɗaya babu.

Hannun Ciyaman ya koma aljihu.

Mai Aski ya goge yatsunsa tas da tawul, ya karɓi wayar da hannu biyu, ya buɗa hoton har ya cika gilashi. Ya daɗe yana nazari kamar likita.

"Ciyaman, bar katin nan tukuna," ya ce. "Dubi girarsa. Kamar tsintsiya biyu. Wannan rubu'in kwalba ma ya ishe shi."