Kason Wanda Bai Bar Sawu Ba

Ƙanshin zogalen da mahaifiyarta Tasalla ke tsinka shi ya fara karya wa Nafisa zuciya. Daga Turai ta taso, ta hau kabu-kabu daga Maraɗi zuwa Jiratawa, ɗauke da saƙon da ba ta so. Yayanta Abdu ya ce tunda ita ce 'yar boko, ita za ta lallashi tsohuwar ta yarda cewa ɗan'uwansu Hafizu ya rasu, a yi masa sadaka, a raba garkar da mahaifinsu ya bari. Shekara da shekaru ke nan da Hafizu ya nufi Libiya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Kai, Hafizu! Shi ne mai goya ta su tsallake magudanar ruwa, ya sato mata tumatir a garkar maƙwabta, in an kama su ya sha bulala shi kaɗai yana yi mata gwalo. Kewarsa ta kama Nafisa.

"Wai ke, wane aiki kike yi can da ya hana ki zuwa salla?" in ji Tasalla.

"Wata ƙwaya muke bi, Inna, wadda ido ba ya gani. Sunanta Lamda. Kafin ƙiftawar ido ta tarwatse, mu kuma mu auna hanyoyin da take bi. Cikin uku, kusan biyu suna barin sawu mai reshe biyu kamar gwafa, na'ura ta gani. Ɗayar kuwa ba ta barin sawu."

"Sai ku ce babu ita."

"A'a. Rashin gani ba shi ne babu ba. Muna ware mata kasonta."

Tasalla ta dakata da tsinka. Ta dubi ɗiyarta, dubin wadda ta san abin da ya kawo baƙo tun bai yi sallama ba.

"Ashe dai kuna da kirki," ta ce, ta ci gaba da aikinta.

A ƙofar gida Abdu na tsaye, ya ƙosa.

"Ta yarda?"

"Ban tambaye ta ba, Yaya."

"Haba Nafisa! Ina da iyali, ƙasar ta yi mini kaɗan!"

Ta san gaskiya ya faɗa, ta kuwa ji tausayinsa.

"Ka bar wa Hafizu nasa kason," ta ce a hankali. "Ka haɗa naka da nawa ka noma. Ni ma ai ba na nan."