Makokin Kulob ɗin Direbobi

Ranar da masu duba gine-gine suka zo Kulob ɗin Direbobi, kakana Papa Bentsil yana tsakiyar cinye Masta Eshun a dara, don haka ko kai bai ɗaga ba. Mutanen suka zagaya zauren rawa, ɗayansu ya zunguri katakon rufi da sanda, garin gara ya zubo masa a ka. Kafin su fita suka ce ko dai a sauya rufin baki ɗaya kafin damina, ko su dawo su garƙame wurin da kwaɗo.

"Ka ji abin da yaran nan suka ce?" in ji Masta Eshun.

"Na ji. Yi wasanka, kada ka fake da rufi."

Amma da daddare Papa bai taɓa dokunu, tuwon masarar da na ajiye masa ba, kifin ma kyanwa ce ta amfana.

Direbobin jirgin ƙasa da 'yan wutarsu, masu zuba wa injin gawayi, su ne suka gina kulob ɗin a Sekondi da hannunsu, tun kafin a haifi Papa. A daɓen katakonsa ya fara riƙe hannun kakata Ekuwa, wani daren kiɗan hailaif, kuma tun da ta rasu can kaɗai yake zuwa. Kullum da la'asar zai sa farar rigarsa, ya ɗauki sanda, ya gangara. Ni na sani, ranar da aka rufe ƙofar nan Papa zai zauna a kujerar falo ne, ba zai sake tashi ba.

Dokar kulob ɗin ba ta taɓa sauyawa ba. Ɗan kulob namiji ne wanda ya yi wa jirgi aiki, ko ɗansa. Mace takan shiga ranar rawa kaɗai, in wani ɗan kulob ya shigo da ita. Sauran ranaku iyakarta baranda. Yanzu jirgin ya yi ƙaranci, 'ya'yan sun watse Accra da ƙasashen waje, tsofaffin da suka rage ba su cika benci uku ba.

Sun yi ƙoƙarinsu. Suka shirya taron neman taimako, suka gayyato wani attajiri daga Accra ya shugabanci zama. Ya zo a makare, ya yi dogon jawabi a kan tarihi, ya yi alkawarin da ya sa Masta Eshun ya tashi ya rungume shi. Daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba. Abin da aka tara a kwano ko kuɗin hayar lasifika bai biya ba.

Ni Ewuresi, aikina a shagon buga takardu yake, kuma rabin cinikinmu fostar mamata ce. A makon nan wasu suka zo buga ta wani tsoho da duk unguwa ta san ya mutu ba mai saya masa magani. Suka zaɓi takarda mafi tsada, suka ce a ƙara masa haske a fuska. Ina gyara hoton wani tunani ya faɗo mini. Ana tashi na ruga kulob, na tsaya a baranda, na leƙa ta taga.

"Papa! A yi wa kulob ɗin makoki!"

"Amaryata, rana ce ta taɓa ki?"

"Wallahi da gaske nake. Mutanenmu ba sa ba majinyaci ko sisi, amma ka taɓa ganin teburin gudummawar makoki ya tashi fayau? Ku ce kulob ɗin ya mutu, ku ga aiki."

Masta Eshun, wanda shi ne tsohon shugaban tasha kuma har yau yana magana kamar yana sanar da tashin jirgi, ya cire tabarau. "Yarinyar nan ta fi ka kai, Bentsil. Daga wajen Ekuwa ta gado."

Papa ya ce, "Ana yi wa mai rai makoki? Abin kunya ne. Me limamin coci zai ce?"

"Zai ce a ba shi kujerar gaba," in ji Masta Eshun.

Suka yi ta gardama har magariba. Papa ya yarda bisa sharaɗi biyu: ba akwatin gawa, kuma ba ƙarya. Saboda haka a ƙasan fostar na rubuta gaskiya da manyan baƙaƙe, cewa mamacin yana iya tashi in an yi masa rufi. A sama na sa tsohon hoton ginin, da shekarar haihuwarsa, da sunayen waɗanda ya bari. Sai aka koma rigimar kaya. Wasu suka ce baƙi da ja. Masta Eshun ya ce wanda ya haura casa'in ba a sa masa ja, mutuwar tsoho biki ce, fari da baƙi za a sa. Shi ya yi nasara.

Fostar ta yi tafiyar da ban zata ba. Aka manna ta a tashar mota da jikin bangon kasuwa, aka yi ta tura hotonta a waya. Kawuna da ya shekara bai kira Papa ba ya kira daga Landan yana faɗa, wai don me ba a gaya masa da wuri ba.

Ranar Asabar aka tare titi da rumfuna. 'Yan badujala suka taso daga tsohuwar tasha suna busa, yara na bin su. A baranda aka shimfiɗa gado da farin leshi, aka kwantar da ƙararrawar wani tsohon injin jirgi da fitilar hannu ta 'yan wuta, aka zagaye su da furanni. Tsofaffin suka jeru a rumfar dangi, masu gaisuwa suna bi daga dama suna miƙa hannu ɗaya bayan ɗaya. Da farko kowa dariya yake ƙunshewa. Wata mata ma ta ce wa Papa, "Sannu da rashi, me ya kashe shi?" Ya ce, "Gara."

Dariyar ba ta daɗe ba. Da aka zo karanta tarihin mamaci, mutane suka fara tashi da kansu. Wani dattijo daga Tarkwa ya ce a nan aka yi bikin iyayensa. Wata malamar asibiti ta ce a ƙarƙashin teburin dara ta koyi karatu, tun tana ƙaramar da doka ba ta hau kanta ba, tana jiran babanta. Da 'yan badujala suka ɗauko wani tsohon kiɗa mai sanyi, sai na ga Papa ya rufe fuska da gefen mayafinsa, kafaɗunsa suna girgiza. Ban taɓa ganin kukansa ba, ko a makokin kakata. Na tsaya bayan rumfa ni ma na yi nawa, na ɓata kwalliyar da na ɓata safiya ina yi.

Teburin gudummawa kuwa bai huta ba. Mai sanarwa yana kiran suna da abin da aka bayar, wanda aka kira ya ɗaga hannu, na kusa da shi ya ji kunya ya tashi ya ƙara nasa.

Ana cikin haka Maame Tekyiwa ta iso. Ita ce shugabar mata masu bandar kifi, mace mai jiki da murya, wadda uwarta ta sayar da soyayyen kifi a ƙofar kulob ɗin har ta tsufa, ita ma ta yi nata zamanin a wurin. Mata suna biye da ita cikin atamfa iri ɗaya. Suka gaisa da dangi yadda ya kamata, suka yi rawa zagaye ɗaya, suka wuce teburin gudummawa ko kallonsa ba su yi ba, suka tafi.

"Ka ga rowa," in ji Masta Eshun. "Ƙamshin kifi kawai suka kawo mana."

Ranar Litinin da hantsi dangin mamaci suka zauna, kamar yadda ake yi bayan kowane makoki, don a ga abin da ya shigo da abin da ya fita. Ni ina baranda ina naɗe leshi. Kafinta ya zo ya duba ya ce abin da ya rage bayan kuɗin rumfa da badujala zai sayi katako duka, ya biya aikinsa. Kwanon rufi kuwa babu ko falle. Papa ya kalli sama, inda rana take shigowa ta huda-hudan tsohon kwano.

Sai muka ji ƙugin mota. Wata tsohuwar akori-kura ce ta tsaya a ƙofa, shaƙe da sababbin kwanuka suna walƙiya. Maame Tekyiwa ta sauko daga gaba, ta hau baranda, ta tsaya daidai bakin ƙofa ba ta tsallaka ba.

"Iyayena, barkanku da gajiyar makoki."

Masta Eshun ya miƙe da sauri har kujerarsa ta faɗi. "Maame! 'Yar albarka! Ni dama na faɗa, na ce Tekyiwa ba za ta ba mu kunya ba. Ku yara, a sauke kaya!"

"Kada wanda ya taɓa," ta ce da yaran motar. Ta juyo. "Masta, kun ga ban je teburinku ba ranar Asabar. Teburin na baƙi ne. Baƙo ya ajiye gudummawarsa, a gode masa, ya kama hanya. Mu ba baƙi ba ne. Abin da ke motar nan kason dangi ne, mun zo ɗaukar nauyin makoki tare da ku."

Kowa a zauren ya gane. A wurinmu wanda ya ɗauki kason nauyin makoki ɗan gida ne, da shi ake zama, da shi ake maganar gado.

"Wato so kike ku zama 'yan kulob," in ji Papa.

"Papa Bentsil, kai dama ba ka da wuyar fahimta."

"Doka ta ce wanda ya yi wa jirgi aiki," in ji Masta Eshun, muryarsa ta koma ta tasha. "Wane jirgi kika tuƙa? Kwalekwale?"

"Lokacin babban yajin aiki, da albashinku ya tsaya, kifin wa kuka ci? Ka tambayi cikinka, Masta, shi bai manta uwata ba. A ƙofar nan ta tsufa, ruwa ya dake ta, rana ta dake ta, ba wanda ya taɓa ce mata shigo ki zauna. Ni ba zan rufa ɗakin da zan tsaya a wajensa ba. In ba ku so, coci ma tana neman kwano."

Tsofaffin suka kaure da magana. Wani ya ce mata za su cika wurin da surutu, wani ya ce surutun wa ya kai naka. Wani ya ce iyayenmu da suka kafa doka ba wawaye ba ne. Masta Eshun ya ce gara a rufe kulob da mutuncinsa. Direban motar ya danna oda, ya ce shi fa yana da lodi a Takoradi.

Da suka gaji sai duk suka juya ga Papa. Shi ne mafi tsufa, kuma shi ake jira.

"Ranar da aka haifi ɗana na fari," ya ce, "surukata ce ta zo gaya mini. Ina nan ciki ina wasa. Ta tsaya a barandar can ana ruwa, ta aiko yaro, yaron ya manta. Sai da na gama wasa uku na fito na same ta a jiƙe. Ekuwa ba ta taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban taɓa yi ba." Ya share baki da hannu. "Eshun, mutuncin da kake faɗa, in an sa kwaɗo a ina za ka ajiye shi? A falon 'yarka, gaban talabijin?"

"Ni dai ban yarda ba."

"An ji. Wa kuma bai yarda ba?"

Mutum biyu suka ɗaga hannu, ɗayansu ya duba gefe da gefe ya mayar da nasa yana sosa kunne. Papa ya dogara sanda ya miƙe, ya tako har ƙofa a hankali.

"Tekyiwa, shigo ki zauna. Ki yi hankali da katakon tsakiya, yana lotsawa."

Ta cire takalmi, ko da yake ba wanda yake cirewa, ta shiga. Ta zagaya zauren tana duba bango da tagogi kamar mai sayen gida, ta leƙa baya ta dawo.

"Banɗaki ɗaya ne? To a ƙara da bulo a lissafi. Kuma Talata tamu ce, tunda ba a fita teku ranar, a nan za mu riƙa taron adashi."

"Talata ranar gasar dara ce!" in ji Masta Eshun.

"Sai ku matsa gefe, Masta. Allon dara nawa ne girmansa?"

Ta leƙa ta taga ta ɗaga wa yaran motar hannu. Suka fara sauke kwanukan bibbiyu suna jingina su a bango, kafinta kuma ya tafi neman tsani, yana cewa in an kawo katako gobe, jibi zai fara yaye tsohon rufin.