Abin da Hedimasta Ya Ce a Taro

Auta, ƙanin matata, bai taɓa karanta littafi har ƙarshe ba, amma ya iya karanta fuskar mutum. Da haka ya zama kansila, ya zama ciyaman, ga shi za a rantsar da shi shugaban jam'iyya na yankinmu baki ɗaya. Ni ne sakatarensa tun daga tushe. Marigayiya matata takan ce, "Ka riƙe mini shi." Na riƙe shi shekara goma sha tara, uku daga ciki ma ba ta nan balle ta gode mini.

A tsarinmu ba a sa gardama cikin rahoton taro. Ko an yi jifa da kujeru, abin da nake rubutawa shi ne, "An tattauna, an amince."

Shekara takwas da suka wuce muka zauna kan filin ƙwallon makarantar firamare. Auta na so a yanka shi a yi shaguna a raba wa wakilai, zaɓe na tafe. Hedimastan makarantar ɗan kwamitinmu ne. Ya miƙe, ya ce bai yarda ba, kuma a rubuta cewa bai yarda ba. Ya dube ni. Na ɗaga masa kai.

Bana aka kafa kwamitin bincike kan filin. Rahoton taron da na rubuta ya ce kowa ya amince, makaranta kuwa a hannun hedimasta take, sai laifin ya zauna a kansa. 'Yarsa, wata nas, ta zo gidana da rana tsaka, da rigar aiki a jikinta.

"Baba, mahaifina ko masallaci ya daina zuwa. Wai shi ya sayar da filin yara. Ya ce kana da littafin da kake fara rubutu a ciki kafin ka wanke shi ya zama rahoto."

"Ina da shi."

Na tsallake littattafai dubu da nake alfahari da su, na zaro shi a bayan kabad. Muka buɗe shafin tare. Ga sunayen mahalarta, ga lokacin da aka tashi, har zanen fanka da na yi a gefe don gajiya. Maganar hedimasta babu. Duk shekarun nan ina ɗauka wajen wankewa na cire ta. Ashe lokacin da nake ɗaga masa kai, hannuna ko motsi bai yi ba.

"To ka zo gaban kwamitin bincike ka faɗa da bakinka," in ji ta. "Ranar Alhamis, ƙarfe goma."

Tana fita Auta ya bugo waya.

"Yaya, manyan boko! Jawabin rantsarwata na Alhamis fa? Ka zuba mini kalmomin nan naka masu nauyi, waɗanda ni ma ba na ganewa."

"Ƙarfe nawa?"

"Goma. Kujerarka na gaba, inda Yaya babba za ta zauna da tana raye."

Na rubuta masa shafi huɗu kan riƙon amana. Ranar Alhamis na sa kaya na fita, ina gaya wa kaina cewa zan tsaya wajen kwamiti minti biyar kawai. Motar jam'iyya na jira a ƙofa, direba har ya buɗe mini.

An tafa wa jawabin sau shida. Kwamiti ya jira ni har sha biyu, sannan ya tabbatar wa hedimasta laifinsa.