Ta Ɗaya a Kwalin Baba

Ranar talatin da ɗaya ga Disamba, bayan azahar, Baba ya aika a kira masa 'yarsa Dakta. Ta same shi a ɗakin da yake tara matattun rediyoyi, zaune a kujerarsa da aka ɗaure wa ƙafa da waya, murfin kwali a kan gwiwarsa. Ya miƙa mata kwalin da biro, ya ce bana ita za ta rubuta, shi yanzu ko zanen tafin hannunsa ba ya gani.

Shekara talatin da biyu ke nan yana wannan abu. Gyaran rediyo ne sana'arsa har ido ya raba shi da ita, kuma duk ƙarshen shekara yakan yanki murfin kwali ya jera waƙoƙi goma da suka fi shiga ransa. Ba ruwansa da sunan da mawaƙi ya raɗa wa waƙarsa, nasa sunan yake ba ta. A gefen kowace kuma yakan sa sunan wanda ya fara jiyar da shi ita, kuma wannan gefen ne mutanen gidan suke dubawa. Ba a karanta kwalin da baki, ba a yi wa Baba gardama a kansa. A tebur ake ajiye shi, kowa ya leƙa, sannan a kafe shi a bangon falo sai baɗi.

Dakta ita ce babbar 'yarsa, sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata. Tana yarinya ta ci ta ɗaya har sau huɗu. Sai ta tafi karatu, ta yi shekara tara a waje tana nazarin ƙasar noma, har ta samo digirin da ya sa ake ce mata Dakta. A shekarun nan hoton kwalin kawai ake turo mata a waya, ta buɗa shi da yatsa biyu tana neman sunanta. Wata shekara ta bakwai, wata ta tara. Akwai shekarar da babu ita sam, amma akwai mai kawo musu gas. Saman kwalin kuwa, shekara biyar a jere, sunan ƙanwarta Auta ne.

Da ta dawo a watan Maris sai ta ɗauki abin kamar jarrabawa. Ta zaro tsofaffin kwalayen daga ƙarƙashin gado, ta baza su a ƙasa, ta yi kwana uku tana nazarinsu. Ta gano Baba yana son muryar mace mai kauri, da ganga mai tafiyar hawainiya, da waƙar da ake jiran wani a cikinta. Ta sayi sifika. Ta tace waƙoƙi sun fi ɗari har ta samu ɗaya, ta wata mata da ke tsaye a tasha tana ƙirga motocin da ba su kawo mata kowa ba. Ita kanta waƙar ba ta dame ta ba. Ta sa masa ita sau uku a ranaku daban-daban, ƙafarsa kawai take kallo. A karo na biyu babban ɗan yatsan ya fara motsi.

Auta ba ta zaɓen komai. Malamar firamare ce, gidan mijinta layi biyu ne daga nan. Duk Talata takan zo da tsohuwar motarta ta kai Baba asibitin ido, kuma rediyon motar tasha ɗaya yake kamawa. Abin da tashar ta sako shi suke ji, Auta tana bi da muryarta mai kama da ƙofar da ba a sa wa mai ba, rabin kalmomin na ƙirƙira. Idan sun dawo ba sa fitowa sai waƙar da ake yi ta ƙare. Dakta takan tsaya bayan labule tana kallonsu ta gilashin mota, kan Baba yana rausaya, auduga manne a idonsa, bakinsa a buɗe da dariyar da ba ta taɓa samu ba da sifikarta. Sau biyu ta ce ita za ta kai shi. Baba ya ce Auta ta san inda ake ajiye mota.

Yanzu ga biro a hannunta. Ta ja layi goma, ta sa lamba, ta ɗaya a sama. Baba ya gyara murya ya fara daga ƙasa.

Ta goma ita ce ta yaron nan mai kuka kamar an taka masa ƙafa, daga maƙwabci. Ta tara daga nas ɗin da ke ɗiga masa magani. Ta takwas ta wanke-wanke ce, wadda Mama ke yi ƙasa-ƙasa a kicin tana zaton ba a jinta. Sunan Auta ya fito a ta bakwai, ya sake fitowa a ta huɗu, kuma kowane fitowa ya yi wa Dakta daɗi, don a lissafinta wanda ya fito sau biyu a ƙasa ya gama cin rabonsa. Ta uku ta tafi ga mijin Auta. Layi biyu suka rage, sunanta bai fito ba tukuna.

"Ta biyu," in ji Baba, "ta matar tasha. Uwata."

Biron bai motsa ba.

"Ta ɗaya, ta shirmen nan mai fito. Auta."

Ta san waƙar. Babu shagon da ba a sa ta ba tun watan Yuni. Kalmomi biyar ne da fito, ake ta juya su minti uku. Ta karya doka ta tambaye shi me ya gani a cikinta. Baba bai yi fushi ba. Ya ce babu komai a cikinta, shi dai da ya ji ta sai ya ji yana cikin mota.

Dakta ta dubi layukan biyu da ba a cike ba, ta dubi idanun Baba masu fari-fari suna kallon gefen kunnenta. Ba ta daɗe tana tunani ba. Ta rubuta matar tasha a layin sama da sunanta a gefe, ta sa mai fito a ƙarƙashi. Rubutun ya fita tsaf. Baba ya tambaya ko ta gama, ya karɓi kwalin, ya bi sawun biron da yatsa kamar mai duba ɗinki, sannan ya laluba ƙasa ya sa hannu a karkace.

Bayan la'asar aka taru a falo. Mama ta kawo shayi da biskit. Auta ta shigo da mijinta, malamin lissafi ne a sakandare, dogo mai yawan zolaya, a gidan Mai Lissafi ake ce masa. Tun daga ƙofa yake cewa shi bana ya yi mafarki ya zo na ɗaya, in bai zo ba to an yi maguɗi. Dakta ta sa masa ido har ya zauna. Baba ya zauna a kujerarsa ta kusa da taga, ya ba tebur baya kamar yadda ya saba, ya ce a ajiye.

Kawuna suka haɗu a kan kwalin. Mai Lissafi ya ga kansa a ta uku ya ce a rubuta a tarihi, ya wuce surukarsa da matakala biyar. Mama ta ce ita da ma ba waƙa take yi ba, tsaki take yi wa tukwane. Dakta ba kwalin take kallo ba, fuskar Auta take kallo. Ta ga idon ƙanwar ya hau sama, ya tsaya, ya sauko layi ɗaya. Wani abu ya gifta a fuskar, bai kai ƙiftawar ido biyu ba, sai dariya ta rufe shi. Auta ta dafa kafaɗarta ta ce Yaya ta dawo da ƙarfinta, su 'yan gida sai su koma gefe. Abin da Dakta ta jira shekara tara ke nan, ta kuma ji daɗinsa sosai. Ba ta ji kunyar komai ba a lokacin.

Sai Mama ta jawo ƙaramar kujera ta ajiye a gefen ƙafar Baba, ta ce to mai ta ɗaya ta zo ta zauna.

Dakta ta tambaya zaman me. Suka dube ta, sannan suka dubi juna. Auta ce ta yi mata bayani. Tun shekarar da idon Baba ya fara, wanda ya ci ta ɗaya yakan zauna a gabansa ya rera masa waƙar da bakinsa, ba rediyo ba waya, daga farko har ƙarshe. Shekara huɗu ke nan ana yi. Ba wanda ya tuna ya gaya mata, hoton kwali kawai ake tura mata.

Ta ce ita ba ta da murya. Mai Lissafi ya ce in dai matarsa ta yi shekara huɗu tana yi ba a kira 'yan kwana-kwana ba, to kowa ma zai iya. Ta ce maƙogwaronta yana ciwo. Mama ta miƙa mata shayi. Baba bai juyo ba. Ya riga ya karkatar da kunnensa wajen ƙaramar kujerar, leɓɓansa a tsuke, a shirye ya tara da fito.

Ta zauna. Daga nan ƙasa tana ganin jijiyoyin bayan hannunsa. Ta buɗe baki ta fara waƙar matar tasha.

Leɓɓan Baba suka saki. Kansa ya juyo a hankali zuwa inda muryar take, ya tsaya. Dakta ta ci gaba da ƙaramar murya, idonta a kan tayil. Ta kai ƙarshen baitin farko, ta yi amshi, sai ta tsaya cak, domin iyakar abin da ta sani ke nan. Sau uku ta sa masa waƙar, kuma duk ukun ƙafarsa take kallo.

Mai Lissafi ya buɗe baki, Auta ta taka masa ƙafa.

Baba ne ya ɗauko baiti na biyu. Muryarsa ta tsufa amma ba ta kauce ba. Ya yi na biyun, ya yi na uku, har da wurin da matar ke tambayar direban ƙarshe ko ya ga wani mai farar jaka. Kalma ɗaya bai ɓata ba. Duk inda amshi ya zo sai ya ɗaga yatsa, Dakta ta karɓa. Ba ta san ya haddace ta ba. Ba ta san wa ya riƙa sa masa ita ba, ko kuwa a ji uku ya kwashe ta. Da suka gama Mama ta yi tafi, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce ashe bana da gaske ne. Auta ta tashi neman guduma, mijinta ya bi ta yana cewa a bar masa, shi ya san kusurwa.

Baba ya sunkuyo kamar zai gyara takalmi, ya yi magana yadda ita kaɗai za ta ji.

"Ta Auta ina kika sa ta?"

"Ta biyu."

"To, da sauƙi. Na ɗauka kin cire ta gaba ɗaya."

Ta jira faɗa, ko ya kira Mama, ko ya ce a kawo wani kwalin. Bai yi ko ɗaya ba. Ya laluba ya sami kanta, ya ɗan dafa, ya janye hannun.

"Uwata, da kin roƙa ai da na ba ki."

"Na sani, Baba. Shi ya sa ban roƙa ba."

Ya jinjina kai kamar wanda aka gaya wa abin da ya lalace a cikin rediyo, ya koma ya jingina. Sannan ya ɗaga murya ya ce a sake masa shayi, wannan ya huce.

Auta ta hau kujera, ta cire kwalin bara, ta ɗora na bana a gurbinsa, ƙusa a bakinta. Daga inda Dakta take zaune rubutun yana fita rangaɗau, ya fi na kowace shekara kyau, duk wanda ya shigo falon zai iya karanta layin sama tun daga ƙofa. Nan zai zauna kwana ɗari uku da sittin da biyar, ita kuma nan take cin abinci.

Auta ta cire ƙusar daga baki, ta waigo.

"Yaya, duba min. Ya miƙe?"

Dakta ta duba. Ta ce a ɗan ɗaga ɓangaren hagu.