Hannun Hagu a Aji Huɗu

Shekarata biyar a jami'a a Samaru kan karatun shekara huɗu, kuma abu ɗaya ne ya riƙe ni, wato gwajin koyarwa. Bara na faɗi. Malamin da ya zo duba ni ya rubuta cewa ajina shiru kamar gidan makoki, ko yaro ɗaya bai ɗaga hannu ba. Abokan karatuna duk sun tafi bautar ƙasa, ni kuwa ina nan a ɗakin yayata, ina shimfiɗa katifa tsakanin firji da keken ɗinkinta. Mijinta mutumin kirki ne, shi ya sa kullum da murmushi yake tambayata, "Jemimah, yaushe ne za a gama?" Da zagina yake yi da ya fi mini sauƙi.

Bana aka tura ni wata firamare a Muchia, cikin Sabon Gari, aka ba ni darasin Hausa a aji huɗu, yara arba'in da biyu. 'Ya'yan Yarabawa ne da na Ibo da namu. A filin wasa Hausa ce a bakin kowa, har da zagin da ni ban iya ba, amma da na tsaya gaban allo sai ka rantse an ɗinke musu baki.

Ran Litinin aka sanar da ni mai dubawa zai zo Laraba, kuma darasin da ya faɗo shi ne siffofin tatsuniyar zamani. Na buɗe takardar da aka raba mana a makaranta na kwafo guda biyar: tana faruwa a duniyarmu ta mota da waya, yarinya kan ceci kanta ba sai ta jira ɗan sarki ba, dodo ba kullum ne mugu ba, abin al'ajabi kan shigo cikin harkar yau da kullum, sannan tana ƙarewa da darasi. A cikin bas na haddace su. Kafin mu kai Kwangila ina iya karanto su daga ƙasa zuwa sama.

Madam Chinwe ce mai ajin, shekararta ashirin tana shaƙar alli. Ta ga idona ya faɗa, ta ja ni bayan aji.

"Ƙanwata, matsalarki ke koyarwa kike so ki yi. Ranar dubawa ba a koyarwa, nunawa ake yi," in ji ta. "Ki gaya musu in kin yi tambaya kowa ya ɗaga hannu. Wanda ya sani ya ɗaga na dama, wanda bai sani ba ya ɗaga na hagu. Ke kuma ki riƙa kiran na dama. Daga baya mutum hannuwa kawai zai gani."

Na san ba daidai ba ne, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Amma na tuna katifar nan da murmushin mijin yayata, sai na ce mata na gode.

Ran Talata muka yi gwaji. Yaran da wata guda na kasa motsa su, ranar suka farka, abin ya zame musu wasa. Da yake amsoshin suna rubuce a allo, kusan kowa na dama ya ɗaga, ban ga wata matsala ba. Na kuma keɓe wani yaro mai baki, Adewale, na ce ya je gida ya shirya ɗan labarin da zai bayar a matsayin misali.

Laraba ta zo, Adewale bai zo ba. Zazzaɓi, in ji ƙanwarsa.

Mai dubawar, Dakta Nelson, dogo ne siriri, mai furfura. Ya naɗe kansa ya zauna a bencin yara na ƙarshe, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, takardar maki a kan cinya. Na yi tambayar farko, hannuwa suka tashi gaba ɗaya. Na kira na dama, amsa ta fito tsaf. Ta biyu haka, ta uku haka. Na hango shi yana gyaɗa kai yana rubutu, har na fara jin ƙamshin kakin bautar ƙasa.

Sai na iso mataki na huɗu. Yana cikin tsarin darasin da na miƙa masa, ba damar tsallakewa.

"Wa zai ba mu misalin tatsuniyar zamani?"

Hannuwa suka tashi. Na bi su layi-layi, hagu, hagu, hagu. Can kusa da taga na ga na dama guda ɗaya tak. Tomiwa ce, 'yar shekara tara, marar hayaniya, wadda ba ta taɓa gaishe ni ba sai ta rusuna. A raina na yi wa Allah godiya, na kira sunanta.

Ta miƙe, ta ɗan durƙusa, ta ce, "Anti, ban sani ba."

Da ina da wayo da na ce ta zauna na wuce. Amma tsoro ya riga hankalina magana.

"Ai kin ɗaga hannu, Tomiwa."

"E, Anti. Na hagu ya kamata in ɗaga, yadda kika ce wanda bai sani ba ya yi. Amma na gaya wa kakata jiya, ta ce ba a miƙa wa babba hannun hagu, rashin kunya ne." Ta waiga baya. "Ga Baba kuma a zaune."

Ba wanda ya yi dariya. Madam Chinwe da ke leƙe ta taga na neme ta na rasa.

"Kowa ya bar hannunsa yadda yake," in ji Dakta Nelson. Ya tashi a hankali, ya bi layi yana dubawa. Hannuwan hagu arba'in a sama, wasu har sun fara rawa don gajiya. Ya ce su sauke. Bai ɗaga murya ba, ni kuwa na fi son ya ɗaga.

"Malama, yara ba su da misali, wannan ba laifinsu ba ne. Aikinki ne ki ba su. Ba su guda ɗaya mu ji."

Na buɗe baki. Tatsuniyoyin kakata na Wusasa suna nan a kaina birjik, amma ta zamani ban taɓa jin ko ɗaya ba, ban taɓa karantawa ba, ban ma taɓa tunanin nema ba. Na san kayan miyar guda biyar, ban taɓa ɗanɗana miyar ba. Sai na ji kaina ina cewa, "Tatsuniyar zamani tana faruwa ne a duniyarmu ta mota da..."

"Wannan na gani a allo," ya ce.

Yara na kallona. Ya yi ɗan gajeren rubutu, ya matso inda ni kaɗai zan ji, ya ce, "Sai baɗi, 'yata." Sannan ya koma bencinsa ya duba agogo. "Ci gaba. Saura minti goma sha huɗu."

Kunya ta rufe ni, ga baƙin ciki, ga ƙofa a buɗe amma ba halin fita. Na juya zan ɗauki alli, sai na ga Tomiwa har yanzu a tsaye, don ban ce ta zauna ba. Idonta ya cika da ƙwalla, ta gane wani abu ya lalace amma ba ta san mene ne ba.

"Anti," ta ce a hankali, "na yi laifi ne?"

Na so in tsane ta, Allah ya sani na gwada. Na kasa.

"Ba ki yi ba," na ce. "Zauna."