Tiren Ɗaki Ɗari Shida da Takwas

Kai ma ka gani, kada ka ce ba ka gani ba. Ka tsaya a gaban kantar tarbar baƙi ta otal da jaka a hannu, yarinya ta yi maka murmushi ta tambaye ka ko a haɗa maka da karin kumallo. Ka ce a'a. Ta sake tambaya da wata siga, sai ka ga idonta ya zame gefe, inda wani mai kwat yake tsaye. Ka gane sarai ba da kai take magana ba, da shi take. Amma ka karɓi makullinka ka shige lif, don ka gaji kuma ba ruwanka. To, ga abin da ya faru a irin wannan kantar bayan ka juya baya.

Auta ake ce mata, don ita ce ƙaramar gidansu, kuma ita ce ƙaramar masu tarbar baƙi. Tana cikin wata na uku na gwaji, watan da ake cewa zauna ko tafi. A bayan ƙofar ofis akwai farin allo, kowa da layinsa, duk wanda ya sayar wa baƙo da abin da suke kira tsarin manya sai a zana masa tauraro. Tsarin manya shi ne kumallo har ɗaki, da katin zinariya mai buɗe falon hawa na tara inda shayi da 'ya'yan itace ba sa yankewa, da lif na musamman da safe. Layin Auta ya fi na kowa fari. Abokan aikinta har tsokanarta suke, wai samanta ne kaɗai ba ya fitar da taurari.

Manaja yana da karatun da yake biya musu kullum: a'a ta farko gajiya ce, ta biyu kunya ce, ta uku ce kawai a'a. Baƙon da bai kai ta uku ba, bai ƙi ba.

Da yammacin Talata wata malamar makaranta ta shigo riƙe da tsohuwarta. Tsohuwar tana dogara sanda, duk taku sai ta ciji leɓe, amma bakinta bai mutu ba. Ta dubi fitilun rufi ta ce wa 'yarta ko gidan biki ta kawo ta. Malamar ta ce kwana ɗaya za su yi, sun zaɓi nan ne don asibiti yana tsallaken titi. Gobe da safe za a yi wa Inna aikin ƙugu. Wata bakwai suna jiran wannan ranar, don likitan zuwa yake yi ya koma.

Auta ta ji ƙamshin turaren Manaja a bayanta. Ta yi tambayar farko.

«A'a, 'yar uwa,» in ji malamar. «Likita ya ce daga tsakar dare kada ta sa komai a ciki. Ni ma ba zan iya ci a gabanta ba.»

Auta ta fahimta, don yayarta ma'aikaciyar jinya ce. Ta sha jin ta tana faɗa a gida cewa idan aka sa mutum barcin tiyata da abinci a ciki, abincin yana iya tasowa ya faɗa huhu, kuma ba kowa ne ke tashi ba. Ta buɗe baki za ta ce Allah ya ba da lafiya, sai bakin biron Manaja ya sauka a kan takardar, daidai ɗan akwatin tsarin manya, ya ƙwanƙwasa sau biyu. Ta yi tambaya ta biyu da murya ƙasa-ƙasa. A lokacin wayar malamar ta yi ƙara, daga asibiti ne. Ta maƙale wayar a kafaɗa tana gyaɗa kai ga mai maganar, ta miƙo hannu a ba ta inda za ta sa hannu.

Manaja ya ce a kunnen Auta, ai ga shi ta gyaɗa kai.

Auta ta yi alamar a akwatin. Ta ce wa zuciyarta za ta goge kafin ta tashi. Amma motar wasu 'yan taro ta iso da mutum talatin, kowa da ƙorafinsa, kafin ta ɗaga kai Manaja ya kwashe takardun ya aika kicin. Ta ga tauraro a layinta tana fita. Ta ce gobe da sassafe, tana zuwa za ta kira kicin ta soke.

Shida saura ta iso. Ba ta ajiye jaka ba wani baƙo mai katin zinariya ya tare ta, wai katinsa ya ƙi buɗe falon manya, shi kuma ba ya fara magana da kowa sai ya sha kofi. Tana gyara masa kati malamar ta wuce da sauri, ta ɗago mata hannu ta ce Inna na barci, za ta tsallaka ta kama layin kati ta dawo ta ɗauke ta. Auta ta ce a dawo lafiya. Wani abu ya ɗan taɓa mata zuciya, amma mai kofi ya buga kantar da yatsa, bayansa kuma mutum huɗu sun jeru, duk 'yan hawa na tara, duk suna sauri.

Bakwai saura kwata ta samu ta janyo takardar tire da kicin ke turowa. Ta bi da yatsa. Ɗari shida da takwas, ɗakin malamar, ƙarfe shida da rabi, an ja masa layi. An kai.

Ta kira ɗakin. Waya ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta kira lambar malamar, a kashe. Ta dubi kantar: abokiyar aikinta ba za ta zo ba sai bakwai, kuma barin kantar ba kowa laifi ne da ake sallamar mutum a kansa ko ba ya gwaji. Wata mata mai jakar taya ta ajiye makulli ta ce a yi mata sauri, jirgi za ta bi.

Auta ta ce ta yi haƙuri minti biyu. Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauki katin da ke buɗe kowane ɗaki, ba ta tsaya rubuta suna a littafinsa ba.

Lif na farko an keɓe shi ga 'yan falon manya har ƙarfe tara, ba ya tsayawa a hawa na shida. Na biyu yana can sama ya ƙi saukowa. Na ma'aikata cike yake da amalanken tire. Ta cire takalmanta masu tsini ta riƙe a hannu ta kama matakala. A hawa na huɗu numfashinta ya fara yankewa. A na shida ta yi karo da Baba Mai Tire, dattijon da ya fi ginin sanin kansa, yana tura amalanke a hankali kamar mai rakiyar amarya.

Ya ce lafiya Auta take gudu ba takalmi, ko wuta ce ta kama? Ta tambaye shi ɗari shida da takwas. Ya ce ya kai tun ɗazu, tsohuwa mai kirki, da ƙyar ta taso ta buɗe masa. Ya ce tsohuwar ta tambaye shi wa ya aiko, ya ce mata daga ƙasa aka ce a kawo mata, ta yi ta sa masa albarka.

Auta ta ƙwanƙwasa sau ɗaya ta sa kati.

Tsohuwar tana zaune a bakin gado, ta yi wanka ta ɗaura ɗankwali, sandarta jingine da bango. Tiren yana kan ƙaramin tebur a gabanta. Kofin shayi da madara ya koma rabi. Burodi guda ya tafi. Ƙwai ɗaya saura ɓawo.

«A'a, mai murmushin jiya ce,» in ji tsohuwar. «Zo ki taya ni, sun cika shi kamar mu biyar ne.»

Auta ta durƙusa a gabanta. Ta ce, Inna, aikin fa? Likita bai ce kada a ci komai ba?

Tsohuwar ta tsaya da hannu a sama. Auta ta ga abin yana dawo mata a fuska a hankali. Ta ce ita ta ɗauka likitan ne ya sassauta, ko 'yarta ce ta biya ta ce a kawo, tunda mutumin ya ce daga ƙasa aka aiko. Kuma abinci ya zo har gabanta da zafinsa, ta bar shi a zubar? Sai ta kama hannun Auta da hannaye biyu, riƙo mai ƙarfi da ba a zata daga gare ta ba.

«Ki rufa min asiri, jikata. Ɗauke tiren nan ki fita da shi. Ɗan burodi ne. Wata bakwai ban yi barci a kan wannan gefen ba. Yarinyar nan ta bar 'yan ajinta ta bar 'ya'yanta saboda ni. In ta ji, da wane ido zan dube ta?»

Auta ta ɗauki tiren. Ba ta san ma ta ɗauka ba. Ta fito da shi bakin ƙofa, sai ga Manaja a tsaye, ya hau lif ɗin manya ya sauko da ƙafa daga sama, matar da za ta bi jirgi ta riga ta kai masa ƙara. Ya dubi ƙafafunta, ya dubi tiren, ya leƙa ɗakin. Mutum ne mai saurin gane abu, shi ya sa ya zama manaja. Ya rage murya ya ce ta ɗora a amalanken Baba ta koma kantar. Baƙuwa ta ci da hannunta, ba wanda ya ɗura mata. Ita ma tsohuwar ba ta son a faɗa. Likitoci kuma suna cika tsoratarwa. Maganar barin kantar da ɗaukar kati, zai iya mantawa da su, in ita ma ta iya mantuwa.

Amalanken yana nan taku uku. Baba Mai Tire ya zuba wa bango ido kamar yau ya fara ganin fenti. A cikin ɗaki tsohuwar tana kakkaɓe ɓurɓushin burodi daga cinyarta tana turawa ƙarƙashin gado da ƙafa mai lafiyar. Auta ta tuna da yayyenta biyu da suka haɗa mata kuɗin kayan aikin nan, da mahaifiyarta da ke faɗa wa maƙwabta auta ta samu aiki a babban otal. Ta tuna da muryar yayarta: ba kowa ne ke tashi ba.

Lif na biyu ya buɗe. Malamar ta fito da fara'a tana ɗaga ɗan kati, ta ce sun samu lamba biyu, a yi maza. Sai ta ga mutum uku a ƙofarsu, ta ga tiren. Ta rage tafiya.

Manaja ya yi gaba da murmushi, ya ce kuskuren ɗaki aka yi, yanzu za a ɗauke. Daga ciki tsohuwar ta ce ko taɓawa ba ta yi ba.

Auta ta matso gaban malamar da tiren a hannu.

«Anti, ta ci,» in ji Auta. «Burodi ɗaya, ƙwai ɗaya, rabin kofin shayi da madara, wajen shida da rabi. Ki faɗa wa likita haka. Kuma ba laifinta ba ne. Kin ce a'a jiya, na ji ki, ni na yi alamar a takarda.»

Malamar ba ta yi ihu ba. Da ta yi da ya fi sauƙi. Ta kunna waya ta kira asibiti a nan tsaye, ta maimaita abin da Auta ta lissafa. Ta saurara, ta roƙa, ta sake roƙa ko a mayar da su ƙarshen layi. Aka ce likitan zai rufe da tsakar rana ya kama hanya, lokacin ba zai kai ba. Aka ce gara da ta faɗa. Aka ba ta sabuwar rana, wata huɗu gaba.

Ta shiga ɗaki ta zauna kusa da uwarta. Tsohuwar ta juya fuska bango. Da Auta ta matso za ta ba da haƙuri, tsohuwar ta ce mata ba tare da ta waiwayo ba, ai ta ce ta rufa mata asiri.

Manaja ya sauka ya dawo da katin zinariya a cikin ambulan, ya ce otal ya ba su falon manya kyauta har yamma, su huta su sha shayi. Malamar ta dubi katin kamar an miƙo mata mataccen ɓera. Ta ce ya ajiye wa wanda ya ce a'a sau uku, don ta ji Baba Mai Tire yana faɗa wa Auta cewa wannan karatun na Manaja ne ya jawo.

Kafin tsakar rana an goge layin Auta daga allo, har da tauraronta ɗaya. Laifin da aka rubuta mata shi ne barin kantar da ɗaukar kati ba izini. Ba a rubuta komai a kan alamar ba, don alamar tana kan tsari. Ta fito ta ƙofar baya da takalmanta na gida, ta hango malamar a bakin titi tana ɗora ƙafar uwarta cikin tasi a hankali, tsohuwar tana cije leɓe. Tana da rai, tana jin ciwo, tana fushi. Auta ta tsaya har motar ta ɓace.

Allon yana nan. An rubuta sabon suna a layin, wata yarinya ce mai murmushi, watanta na farko.

Ita za ka tarar in ka je. Idan ka ce a'a ta sake tambayarka, kada ka huce a kanta, kuma kada ka shige lif. Karanta takardar kafin ka sa hannu. Sannan ka juya ga mai kwat ɗin da ke bayanta, ka tambaye shi da ƙarfi, a gaban layi, sau nawa ake so baƙo ya ce a'a a gidan nan kafin a ji shi. Ka ce a kawo maka takardar ƙorafi, ka rubuta cewa a sauke allon, ka sa sunanka. Kada ka bar kantar sai ka yi.